Zakari Tabarya da Aikin da Ba Shi da Ɗinki

Ranar da aka haifi Zakariyya'u ni aka aika kwata in gaya wa Baba. Na same shi a tsugune da gatari yana fasa kan wani bijimi, jini har gwiwar hannu. Na ce masa Inna ta sauka, namiji ne. Bai ko ɗago ba sai da ƙoƙon ya rabu biyu, sannan ya ce, "To, an samu mai riƙe mini ƙaho." Haka gidanmu yake. Mu mahauta ne tun kaka da kakanni, iyayenmu sun sauko Kaduna ne lokacin da masaƙun Kakuri ke tashe, ma'aikata na fitowa da yamma kowa yana neman naman miya. Ni ce Asabe, babbar yayarsa, mai tuwo a bakin titin Kakuri. Duk wanda ya taɓa cin tuwona ya san ba na tauna magana kafin in faɗe ta, kuma yau ma ba zan tauna ba.

Zakari ya tashi da zuciya. Tun bai iya wanke wandonsa ba yake dawowa gida da leɓe a fashe, Inna na kuka, Baba na murmushi a ƙasa-ƙasa. Dambe wasan mahauta ne, kowa ya sani, don haka da ya fara ɗaure hannu ba wanda ya ce masa kul. Ga wanda bai taɓa gani ba: hannu ɗaya ake naɗewa da zare har ya koma kamar dutse, ɗayan a bar shi a buɗe don kare fuska. Wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, haka ake cewa. Sau ɗaya na taɓa zuwa kallo a farkon tashensa, a fagen da ke bayan tsohuwar masaƙa. Na ga ya sauke wa wani ɗan Makera hannu a muƙamuƙi, na ga haƙori ya yi tsalle ya faɗi cikin yashi, mutumin ya bi shi. Ranar aka raɗa masa Tabarya. Na dawo gida na kasa cin abinci.

Da safe yana kwata yana fasa kawunan shanu, sana'ar da ya gada, da yamma yana fage. Ya auri Maimuna, yarinya mai haƙurin da ni dai Allah bai ba ni irinsa ba, suka kama ɗaki a gidan hayar da nake. A haka ya haura shekara talatin, lokacin da tsararsa suke ajiye zare su koma tsire da balangu. Shi kuwa sai ya fara girma.

Ba ƙiba nake nufi ba. Hannuwan ne suka fara, yatsun suka yi kauri har zaren da ya saba ɗaurawa ya daina isa. Takalmi ya daina shiga, sai ya koma yanka silifa a baya. Haɓarsa ta turo gaba, haƙoransa suka buɗe har kana iya zura tsinken tsire a tsakani ba ka taɓa ko ɗaya ba. Murya ta koma ta cikin tulu. Minsharinsa kuwa, mutanen gida har ƙara suka kai wa mai gida.

Akwai wani Alhaji Bello, shi ke da gidan damben, mutum mai babbar riga da ƙaramin imani. Shekarar da abin ya fara ya kawo wani boka ya yi wa Zakari tsaga a damtse, aka goga baƙin gari. To, da hannu ya fara girma sai gari ya ɗauka: maganin Alhaji ya ci. Samari suka yi ta layi a tsaga su. Na tare Alhaji Bello a gaban rumfata na ce, "Alhaji, a hannun dama aka yi tsagar nan. Uban wa ya tsaga na hagun da ƙafafun?" Ya yi dariya ya ce, "Hajiya Asabe, ki ji da muciyarki, wannan harkar maza ce." Zakarin ma da na yi masa magana cewa ya yi, "Yaya, ke kaɗai ce a Kaduna kike baƙin cikin ƙarfina."

Ƙarfi! Ni na san abin da ke cikin ɗakin nan. Ciwon kai yake yi wanda ke sa shi buga goshi da bango har fenti ya zube. Ƙwayar ciwon kai da tafin hannu yake watsa ta a baki. Zuciyarsa ta ƙara ɓaci. Wata rana mai Keke ya goge shi a kan titi, ya finciko yaron mutane daga cikin Keken ya yi ta jibga har sai da maza huɗu suka danne shi, yana rantsuwa Keken daga sama ya faɗo, shi bai ga tahowarsa ba. A kwata ma wani bijimi ya kai masa ƙaho ta gefe ya yage masa cinya, kowa ya ga zuwan san nan ban da shi. Ya shigo rumfata ya yi fatali da tukunyar miya da ke dab da ƙafarsa, na zage shi tas, ya tsaya yana dube-dube yana tambaya ina tukunyar take.

Wanda ya fara gane abin ba likita ba ne, abokin gaba ne. Auwal Ƙusa, wani ɗan dambe daga Unguwar Mu'azu, siriri mai wayon tsiya. Ya lura idan ya tsaya a gaban Tabarya mutuwa ce, amma idan ya zame gefe, Tabarya sai ya juya kai gaba ɗaya kafin ya same shi. Haka ya yi ta kewaya shi yana sauke masa zare a kunne. Turmi uku suka yi, wato zagaye uku, ba kisa, amma kunnen Zakari na hagu ya rataye da ’yar fata, kafaɗarsa ta yi jajir. Nan take Alhaji Bello ya shelanta za a sake karawa, a raba raini.

Sista Naomi ce ta ɗinke kunnen. ’Yar Filato ce, nas, ɗakinta na kallon nawa shekara da shekaru. Tana ɗinki tana kallon hoton auren Zakari da Maimuna da ke bango, ta kalli hoton, ta kalle shi. Da ta gama ta ce ya zuba wa hancinta ido kada ya motsa, ta miƙa hannuwa gefe da gefe tana kaɗa yatsu. "Malam Zakari, kana ganin hannuna?" Ya ce wane hannu? Sai da ta kawo su kusan gaban fuskarsa sannan ya ce ga su. Ta ja ni waje ta ce, "Maman Ummi, wannan ba ƙarfi ba ne, ciwo ne, kuma idonsa yake ci. Idan ba ku kai shi babban asibiti ba, makancewa zai yi."

Yadda na kai shi asibitin koyarwa, Allah kaɗai ya sani. Na yi zagi, na yi kuka, ƙarshe na ce idan bai bi ni ba kada ya zo jana'izata. Aka ɗebi jini, aka tura shi cikin injin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Likitan, wani mai sanyin magana, ya kafa hoton ya nuna mana wani abu kamar goro a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can a gindin ƙoƙon kai, bayan hanci. Ya ce ƙari ne ya fito a jikin wani ɗan nama da ke ba jiki umarnin girma, shi ya sa umarnin ya ƙi tsayawa. Kuma jijiyoyin ido biyu a daidai kansa suka gitta, yana danne su, gani na tsukewa daga gefe zuwa tsakiya. Ya ce hanya biyu ce. Ko a yanke ƙoƙon kai da zarto ta sama a ɗaga ƙwaƙwalwa a kai gare shi, ko a bi ta hanci da siririyar kyamara, a huda ƙashin da ke can ƙurya, a kwaso shi ta nan. Ya ce ta hancin ta fi sauƙi, ita za su bi.

Zakari ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ce, "Likita, na san wurin nan. Idan na fasa kan bijimi na ɗauke ƙwaƙwalwa, akwai ɗan rami a ƙasa da wani nama a ciki. Ƙashin ƙasansa ba shi da kauri." Likita ya ce, "To, shi za mu huda. Idan mun gama sai mu yanko ɗan kitse a cikinka mu toshe ramin, don kada ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a ciki ya zubo. Bayan aiki ba fyace majina, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba sara da gatari, sai mun ce ya warke. Dambe kuwa, Malam Zakari, ka yi ban kwana da shi." Ban taɓa ganin tsoro a fuskar ƙanena ba sai ranar. Ya sa hannu a takarda da yatsun da da ƙyar suka riƙe biro.

Aka yi aikin. Suka fito da shi hanci cushe da auduga, yana numfashi ta baki, yana shan ruwa kamar raƙumi. Ina zaune a gefen gadonsa, shi yana kwance ya zuba wa silin ido, na ɓalli goro na kai baki. Sai na ji ya ce, "Yaya, ke kaɗai za ki ci?" Bai juya kai ba. Wallahi bai juya ba! Ta wutsiyar ido ya gan ni. Na saki goron na kama kuka har wata nas ta zo ta ce in yi a hankali akwai marasa lafiya. Na ce ta bar ni, ni farin ciki nake yi.

Muka dawo Kakuri da mutum lafiyayye, sumarsa cif, ko reza ba ta taɓa kansa ba. Ban san wannan ne zai zama masifar ba.

Alhaji Bello ya zo dubiya da tawagarsa, har da Sadiƙ mai kalangu, makaɗin gidan damben. Aka gaisa. Alhaji ya miƙa hannu ya cire wa Zakari hula, ya duba gaba, ya duba ƙeya, ya shafa. Ya ce, "An ce mana aikin ƙwaƙwalwa aka yi maka. Ina ɗinkin?" Zakari ya ce ta hanci aka bi. Suka kalli juna. Ku fahimce ni, waɗannan mutane ne da tabo shi ne shaidarsu. Kowa a cikinsu zai iya tuɓe riga ya ce wannan na wuƙa ne, wannan na ƙaho, wannan na zaren wane. Ciwon da bai bar tabo ba, a wurinsu ba a yi shi ba. Don ya gamsar da su, sai wawan ƙanena ya ɗaga riga ya nuna musu ɗan ɗinkin da ke ƙasan cibiya, inda aka ɗebi kitse. Sadiƙ ya leƙa ya ce, "Af! Ashe tiyatar haihuwa aka yi. Barka da arziki, me aka samu?" Ɗakin ya ɗauki dariya, na kore su da tsintsiya.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama kudancin Kaduna: Tabarya ya ji zafin Ƙusa, ya gudu asibiti ya ɓuya. Ya je kwata gaida mutane, tun daga bakin ƙofa ake ce masa, "Ya jego?" Wani ɗan iska ya zo har rumfata, ya ci tuwona, ya ce in zuba kunun kanwa a kai wa mai jego. Ludayin miyar da ke hannuna na watsa masa a ƙirji, tana tafasa, kuma ko gobe ya dawo zan ƙara. Na ɗauki Sista Naomi muka je wurin Alhaji Bello, ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ta ce duka ɗaya a fuska zai iya kashe shi. Ya gama ji ya ce, "To, yanzu mata biyu ke yi masa dambe." Ga shi kumburin hannun Zakari ya fara saɓewa, abin da likita ya ce alamar nasara ce. Su kuwa suka ce magani ya karye, tsoro ya shige shi.

Zakari ya daina fita. Ba gatari, ba fage, sai zama a tsakar gida yana kallon hannunsa. Na ce masa, "Ido Allah ya mayar maka, ka bar ’yan banza su yi ta haushi." Ya ce to. Amma mai rabon shan duka ba ya jin bari.

Wata Juma'a bayan La'asar ina kwashe tuwo Maimuna ta kira ni a waya tana ihu. Ashe Sadiƙ ne ya zo har ƙofar gida da kalangunsa. Kowane ɗan dambe yana da takensa, kiɗan da ake kiransa da shi, kuma ɗan mahauta ba ya jin takensa ya ci gaba da zama. Sadiƙ ya saki taken Tabarya, unguwa ta fito. Da ya kai tsakiya sai ya katse, ya juya shi zuwa kiɗan da ake yi wa mata ranar suna. Zakari ya miƙe. Maimuna ta rungume ƙafarsa, ya ja ta a ƙasa har zaure, gwiwoyinta suka ɗaye, ya ɓamɓare hannunta ya fita.

Na bar tukunya a wuta na faɗa Keke. Na isa bayan masaƙa fage ya cika maƙil, Alhaji Bello da kansa yana naɗa masa zare. Na kutsa cikin maza, na sami Sadiƙ na kwaɗa masa mari, na fizge kalangun na taka shi da ƙafa har fatar ta fashe. Aka rirriƙe ni. Na ce, "Zakari, don darajar Inna da ke kabari, ka kwance hannun nan! Ƙashin bai haɗe ba, kai ka faɗa da bakinka ba shi da kauri!" Ya dube ni da idon nan biyu da muka sha wuya a kansu, ya ce, "Yaya, ki tafi gida. Ba za a kira ni mai jego a kwatar Baba ba."

Suka shiga. Ƙusa ya fara wayonsa na da, ya zame hagu ya kawo hannu. Zakari ya gani, ya tare. Ƙusa ya zame dama, Zakari ya gani, ya tare, ya mayar masa a haƙarƙari, har inda nake na ji ƙarar. Fage ya kaure da ihu. Allah ya yafe mini, ni ma sai da na ji daɗi. A turmi na biyu Ƙusa ya gane gefe ya rufe, sai ya taho kai tsaye, ya tattara duk abin da ya rage masa ya dasa zaren a tsakiyar fuskar Zakari, a kan karan hanci. Ƙarar kamar an taka ƙwarya. Zakari ya yi baya taku biyu, bai faɗi ba. Ya ɗaga hannun nan ya sauke shi a gefen kan Ƙusa, Ƙusa ya zube kamar buhu, ƙafarsa na karkarwa.

Suka ɗaga Zakari sama suna ta kirari. Da suka sauke shi na kai gare shi. Jini na zuba ta hanci, wannan ba baƙon abu ba ne a fage. Amma jinin ya yi tsararo, bayansa kuma wani ruwa ne fari tas yake ɗiga, ɗis, ɗis, ba ya tsayawa. Alhaji Bello ya miƙa masa tsumma ya ce, "Fyace, namijin duniya, majina ce." Na buɗe baki in hana, ya riga ya fyace da dukkan ƙarfinsa. Ya dafe kai da hannu biyu ya durƙusa. Can ya ce, "Yaya, kina nan? Har Magariba ta yi ne?" Rana tana nan jajir a kan kwanon masaƙa.

A asibiti suka ce ƙashin ya tarwatse, toshiyar ta fita, jini ya taru a kan jijiyoyin ido. Wannan karon hanci ba zai yiwu ba. Suka aske shi ƙwal, suka yanka daga kunne zuwa kunne, suka sa zarto. Bayan an gama aikin sai ciwon sanƙarau ya shige shi, wuya ya sandare, yana fizge-fizge yana kai wa iska naushi har sai da aka ɗaure shi a gado. Likitan bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Cewa kawai ya yi sun kwashe jinin, sun gyara ƙashin, ran ya tsira, amma jijiyar ido idan ta mutu ba ta dawowa.

Da muka koma gida Alhaji Bello da mutanensa suka zo, kai a sunkuye, wai sun zo jaje. Na tsaya a zaure da itacen wuta na ce duk wanda ya haifu ya tako. Na ce Allah ya isa, na ƙara, na kuma ƙarawa. Ba wanda ya tako.

Na dawo ciki ina huci. Zakari na zaune a bakin gado, ya tura yatsu ƙarƙashin hula yana bin ɗinkin a hankali, tun daga wannan kunne har wancan.

"Yaya."

"Na'am."

"Su Alhaji ne?"

"Su ne. Na kore su."

Sannan ya ce, "Ana ganinsa sosai? Ko daga nesa?"

Na ce ana gani.

"To, alhamdu lillahi. Cire mini hular nan, ki kai ni bakin ƙofa."

Wallahi ban taɓa jin ina son marin majinyaci ba sai ranar, har na ɗaga hannu. Da wannan hannun na cire hular, na kama shi, na kai shi kan benci a ƙofar gida. Har yau a nan yake wuni, ba hula, rana na dukan kansa. Duk inda ya ji takun mutum sai ya sunkuyar da kai ta wajen, don mai wucewa ya gani da kyau.